Katin da Na Ƙi Sayarwa

Motar tsere ce ta fi kowane inji jan mutane a wurin da na yi aiki a Rusaifa, wata unguwa a Makka. Wurin wasa ne na mata da yara, a saman benen wata kasuwar zamani, ni kuma ke kula da kusurwar injinan da ake jefa wa sulalla. Sulallan ba na kashewa ba ne, ƙarafa ne masu tambarinmu, a saya a bakin ƙofa a zo a jefa. Injina biyar ne, amma huɗun 'yan rakiya ne kawai. Motar tana da jar kujera da sitiyari da totur, kuma ba yara kaɗai ke hawanta ba. Na sha ganin uwar 'ya'ya huɗu ta tattare abaya, ta ture ɗanta gefe, ta zauna tana shan kwana tana ihu.

Ana saura kwanaki kaɗan a hau Arfa motar ta lalace. Da farko wasu korayen layuka suka tsaga hoton, sannan fuskar ta yi baƙi ƙirin, sai ƙugin injin da ke ci gaba da fita.

Mudira, wato shugabar wurin, Bahijaziya ce mai saurin magana. Ta kira kamfanin injinan da ke Jidda. Masanin waɗannan injina a kamfanin mutum ɗaya ne, Bafilipine, kuma Kirista, saboda haka ba ya shiga Makka. Yadda aka saba, a ɗora injin a mota a kai masa. To amma lokacin Hajji ne. Hanya cike take da shingen bincike, ba a shiga sai da tasrihi, wato takardar izini, kuma duk wata motar ɗaukar kaya tana jigilar Mina da Muzdalifa. Aka ce sai bayan alhazai sun watse.

Da la'asar ta kira ni ofishinta.

"Ya binti, mai wuri ya ce a rufe kusurwar. Ki ɗan zauna a gida, in an gyara za mu kira ki, inshallah."

Na san wannan kiran, ba a yin sa. A unguwar Nakkasa, nan cikin Makka, aka haife ni, amma ni ba 'yar ƙasa ba ce, kuma irina ba ta samun aiki a inuwa sau biyu. Da wannan aikin nake riƙe da kaina da Umma. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai dai ban zo duniya da baiwar roƙo ba.

"Ba ni mabuɗin bayan injin," na ce.

"Me za ki yi da shi?"

"Zan duba."

"Ke muhandisa ce, injiniya?"

"Ya mudira, ai ya riga ya mutu. Me zan ƙara masa?"

Ta dube ni, ta dubi agogo, ta miƙo mabuɗin kamar mai ba da sadaka.

Abin da ba ta sani ba, yayana gyaran kwamfuta yake yi kafin ya koma Kano, kuma a falonmu yake aikin. Shi ya koya mini. Nakan haɗa kwamfuta tun daga fankon akwati har ta tashi, kuma na fi shi haƙuri da ƙananan kusoshi, ko da yake har gobe ba zai yarda ba.

Duk da haka, da na durƙusa a bayan motar ban yi saurin taɓa komai ba. Na zaci zan tarar da wani abin mamaki da hannun irina bai isa ya taɓa ba. Na cire wutar, na buɗe murfin, na haska da waya, sai dariya ta ƙwace mini. Kwamfuta ce, wallahi, irin ta gida. Ga babban allon, ga akwatin wuta, ga wayoyi an ɗaure su da roba. Duk fitilun nan da ƙugin nan da jar kujera, kwamfuta ce kawai ta sa babbar riga. A tsakiya ga katin da ke zana hoto, wanda a nan ake ce wa kart shasha. Ƙura ta toshe fankarsa ta yi tauri kamar auduga, har da ɓarɓashin gugguru. Na sa yatsa na juya fankar, ta ƙi motsi. Zafi ne ya ƙone katin.

Na ɗauki hoto, na sa mudira ta tura wa muhandis ɗin Jidda, sannan ta kira shi ta ba ni. Mutumin kirki ne, bai tambaye ni ko wace ce ni ba.

"Kart karban," ya ce da gurguwar Larabcinsa, wato katin ya lalace. "Jadid ma fi shugul."

Ya yi mini bayani a hankali. Sabon kati ba zai yi ba, komai tsadarsa. Da wannan samfurin aka gina wasan, shi kaɗai ya sani, in aka sa masa wani sai ya ƙi tashi. Kuma tsoho ne, shaguna sun daina kawo shi, shi kansa sai ya yi cigiya.

Na goge takardar da ke manne a bayan katin na karanta lambar. Na sake karantawa. Abin nema ya samu. Irinsa ne sak a cikin kwamfutar da Yaya ya haɗa wa kansa don wasanni ya bar mana, ni ce ma na riƙe masa ita ranar da ya sa shi.

A gida Umma ta lulluɓe kwamfutar da mayafi mai ado, don a cikinta take ganin Yaya da jikokinta duk Juma'a. Da ta ga na ɗauko sukundireba sai ta miƙe zaune.

"Ke, lafiya? Cikinta za ki farke?"

"Umma, abin wasa kawai zan cire. Fuskar ɗanki za ta fito ko babu shi."

"In ba ta fito ba fa?"

"Sai in zauna a gaban teburin ki riƙa kallona, ai muna kama."

"Allah ya shirye ki."

Na zare katin, na mayar da wayar hoton ɗaya ramin da ke jikin babban allon, na kunna. Hoto ya fito. Umma ta matso ta tabbatar da idonta, sannan ta ce in mayar da mayafin yadda na same shi.

Washegari na riga kowa zuwa. Na share ƙurar akwatin tas, na cire mataccen katin, na danna namu har ya yi ƙas, na ɗaure kusa. Mudira tana tsaye a kaina lokacin da na kunna. Fuskar ta daɗe a baƙi. Wasu fararen rubutu suka gudu, ta sake yin baƙi, sai ga titi ya shimfiɗu da duwatsu da shuɗin sama. Mudira ta yi kabbara, ta jefa sule da kanta, ta zauna, ta kai motar ta maka da bango.

Nan take ta kira mai wuri, ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Alhamdulillah, muhandis ya gyara ta waya."

Na haɗiye wannan. Mai wuri ya ce mumtaz, wato madalla. Da ta gaya masa inda katin ya fito, ya ce a ba ni kuɗinsa har da ƙari. Sannan ya ce maganar jiya ta in zauna a gida tana nan, ya yi tunani ya ga mai sayar da sulalla za ta iya haɗawa da kusurwar.

Ban san lokacin da na karɓe wayar daga hannunta ba.

"Ya ammi, katin ba na sayarwa ba ne."

"Wace ce wannan?"

"Wadda ta gyara motar. Katin na gidanmu ne. Tare muke zuwa dawam, wato aiki, tare muke tashi. Ranar da aka ce in zauna a gida, shi ma yana gida."

"Ya binti, a Jidda za a samu irinsa."

"To a jira Jidda."

Na ajiye wayar a kan jar kujerar, na zagaya bayan injin na durƙusa, na sa sukundireba a kan kusar. Da gaske nake, kuma mudira ta ga haka, don muryarta ta canza.

"Tana kwancewa! Wallahi tana kwancewa! Hutun salla jibi ne!"

Ina jin ƙugin motar a kunnena, hannuna yana kan kusar, ban juya ba, ban kuma ɗauke ba.

"Kalas, shi ke nan," ya ce daga ƙarshe. "Ku bar mata kusurwarta."

Na rufe murfin na kulle. Na zauna a ƙasa a bayan injin, inda babu mai ganina, na ɗan huta. Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofa, ina tsaye a wurina.