Malam Nasidi da Ƙyauren Inna Batulu

Akwai ɗigon fenti a bayan kunnen Malam Nasidi wanda ko wankan Juma'a ba ya fidda shi. A da, duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Talata Mafara da hantsi zai same shi a rumfarsa yana motsa gwangwani da tsinke, kabad-kabad na jingine suna shan iska. Ba ya barin mace ta zaɓi launi daga gwangwani, sai ya je ya ga madafinta tukuna. A cewarsa hayaƙin kara daban, na icce daban, kuma fari ba ya daɗewa inda ake tuƙa tuwo kullum.

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci tsohuwar Maradun, kowa ya tashi da abin da jakinsa zai ɗauka. Wata tsohuwa, Inna Batulu, ƙyauren ɗakinta ta ɗauko. Ɗanta Zubairu, direba a wurin aikin madatsar, ya rako ta da shi rumfar Nasidi a mayar mata da shi kabad na kwanuka.

Zubairu ya ce, "Malam, shuɗi nika so mai ƙyalli, irin na gidajen ma'aikata. A kankare wagga dauɗa duka."

Inna Batulu ta ɗora yatsa a kan wani wuri da ya yi baƙi ya yi sulɓi. "Ba dauɗa ba ce, Zubairu. Nan ubanka ke turawa in zai shigo."

"Haba Inna! Baƙi su zo su ce ɗanki na riƙe da sitiyari ke kina riƙe da tsohon katako?"

Ba ta ɗauke yatsanta daga wurin ba. Kabarin mijinta yana ƙarƙashin ruwa, gonarsa ma haka. Wannan tabon kaɗai ya rage mata.

Nasidi bai yi gardama da kowa ba. Ya juya katakon, tsohuwar fuskar ta koma ciki. Waje ya sha shuɗi yadda Zubairu ya so, ciki kuwa man kaɗanya kawai ya shafa.

Malam Nasidi, kai ne mai sauraren wadda aka fi ta murya. Matan garuruwan Kaya da Damaga sun shaida, ba ka taɓa rufe abin da mai shi bai gama kallo ba. Yanzu idonka ya yi rauni, ka ajiye buroshi. Mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a na baya, ku riƙa duba katako kafin ku buɗe gwangwani.

Da aka gama aikin Inna Batulu, Nasidi da kansa ya kai kabad ɗin sabon matsuguninsu. Zubairu na ta zagaya shi yana kiran maƙwabta su gani. Inna Batulu ta buɗe murfin, ta tsaya, sannan ta shimfiɗa tafinta a kan tabon, ta ƙi ɗagawa. Nasidi ya sa takalminsa a bakin zaure ya fita. Sai da aka kawo masa ruwa aka ga ba ya nan.