Ninkin Kuɗin da Kawu Ya Ƙi

Jiya a Gwammaja wata tsohuwar jif ta wuce ni, ƙaurin hayaƙinta ya tuna mini da marigayi Kawu.

Shekarar da sojoji za su miƙa mulki ya sayi irinta a gwanjo. Wata bakwai yana gyaranta a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Wambai, har ta dawo koriya shar. Kawu bakanike ne mai zargin tsiya. Kullum akwai kwali shimfiɗe a ƙarƙashinta, duk mai saye sai ya nuna masa inda mai ke ɗiga.

Ina zaune wani Alhaji ɗan takara ya zo, turarensa ya danne warin fenti. Bai tayar da inji ba, ya ce zai ninka kuɗin da Kawu ya faɗa.

Kawu ya nuna masa kwalin. "Alhaji, leƙa ƙasanta mana."

"Haba Baba, ai na yarda da kai. Duk unguwar nan maganarka ake ji."

"Albarka," in ji Kawu.

Da ya tafi na ce, "Kawu, ninki fa!"

"Rabi kuɗin mota ne. Ɗaya rabin fa, me ya zo saya?"

Bayan mako ya sayar wa wani dillalin shanu, wanda ya kwanta kan kwalin, ya ɓata rigarsa, ya yi ta ƙorafi kafin ya biya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ara mana idonsa, don ga zaɓe ya sake matsowa.