Akuyar Nowel ta Maryama Mai Ƙuli

Kafin ka ga gidan Maryama, hancinka zai gaya maka ka iso. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ne yake tarbar mutum tun daga bakin lungu. Maryama mai ƙuli ake ce mata, don Maryamomi suna da yawa a kartiyenmu, wato unguwarmu.

Ni sunana Rahila. Ba 'yar Matamaye ba ce, daga wajen Maraɗi aure ya kawo ni, mijina Ayuba yana aikin allura a gidan likita. Ba mu haihu ba. Da Ubangiji ya kira shi, 'yan majami'a suka yi zaman makoki suka watse, na zauna ina kallon bango. Sai ga Maryama da kwandon gyaɗa a ka. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta dire kwandon ta ce, "Bagobira, hannunki lafiya? To tashi ki taya ni ɓara." Tun daga ranar nake wuni a gidanta, kuma a bakin ɓarar gyaɗa na ji labarinta, kaɗan yau, kaɗan gobe.

A Dungu aka haife ta, babanta manomin rake ne. Su biyu suka rayu a ɗakin uwarsu, ita da yayanta Munkaila. Ta ce tana ƙarama shi yake ɗora ta a wuya su ratsa fadama, ya fere mata rake ya yayyanka ƙanana don kada ya ji mata ciwo a baki. Ta auri wani tela, Buraima. Buraima ya tafi ci-rani ya dawo yana bin Almasihu. "Ni na fi kowa zaginsa," in ji ta. "Ko kwanonsa ba na haɗawa da nawa wajen wanki." Sai ƙyanda ta ɗauke musu 'yar fari. Matan majami'a suka riƙa zuwa suna zama da ita, wata ta ɗebo ruwa, wata ta yi shara, babu wadda ta ce mata ki bi mu. Ita dai tana jin yadda suke addu'a, kamar wanda suke yi wa magana yana zaune a tsakar gidan. Ta ce bari ta ga ko wane ne. Ganin da ba ta dawo ba ke nan.

Lokacin iyayensu sun riga sun rasu. Munkaila bai zage ta ba, bai kore ta ba, ya dai ɗauke ƙafa. Daga baya shi ma ya dawo Matamaye, yana sayar da rake a bakin tasha. In sun haɗu wajen suna ko ta'aziyya sai su gaisa, ina kwana, lafiya lau, kamar waɗanda suka haɗu a mota. Buraima ya rasu a haka.

Duk shekara Maryama tana kiwon akuya ɗaya saboda Nowel, bikin haihuwar Almasihu. Mu Kiristocin nan ba ma yanka da hannunmu, Musulmi muke kira ya yanka, don maƙwabta su ci da kwanciyar rai, kamar yadda su ma suke aiko mana naman layya. Ita Lawwali mahauci take kira. In an gama girki, langar farko ta gidan Yaya ce: shinkafa, nama zuƙu-zuƙu, da fanke a ƙulle cikin leda a kan murfi. Tun da muka saba, ni nake kaiwa. Matarsa Kaltuma za ta karɓa hannu biyu, ta shiga, ta fito ba ta kallon fuskata, ta ce, "Ya ce an gode." Langa kuwa da nauyinta kamar yadda ta je.

Maryama sai ta buɗe, ta duba, ta rufe. "Ubangiji ya san lokacinsa," abin da take cewa ke nan, shekara da shekaru. A ganinta, abincin Kirista ne Yaya ba zai ci ba.

Ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. Ledar fanke ba ta taɓa dawowa ba. Ƙulin da take aika wa Kaltuma a ranakun banza ma ba ya dawowa. Da na faɗa mata sai ta ce, "Jikoki ne suke cinyewa. Ke Bagobira, tambaya sai ka ce jandarma." Na bar maganar. Amma wata shekara, washegarin Nowel, na bi ta tasha na hango Malam Munkaila yana tsoma fanke a shayi. Fanken Maryama ba ya ɓata, dogo take yinsa, ba dunƙulalle ba. Na ce a raina, to wannan wane irin ƙi ne, mai zaɓe?

Bara gwiwoyinta suka matsa mata. Ɗanta Iliya, wanda yake koyarwa a lakwal a Damagaram, ya zo ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Ina zaune ta ba shi amsa. "Abu ɗaya ya zaunar da ni garin nan. In langa ta dawo bana, na san ba ni da ɗan'uwa, sai ka zo da mota." In ta tafi, ita ta rasa yayanta har abada, ni kuma na koma kallon bango.

Na yi addu'a kwana da kwanaki, na ce Ubangiji, ni ba mai baki ba ce, ka san ni. Wata ranar da hantsi na yafa zane na nufi tasha.

"Salamu alaikum Malam, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. 'Yar aike, yau ba langa?"

"Rake na zo saya."

Ya dubi bakina. "Da waɗanne haƙoran?"

Na tsuguna gefe. Na ce, "Malam, ni baƙuwa ce, ba duka al'adarku na sani ba. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Fanke yana shiga, nama yana dawowa, alhali hannu ɗaya ya dafa su."

"Wa ya ce miki ina cin fanken?"

"Dogo ne, Malam. Duk Matamaye mutum ɗaya ke yin fanke dogo."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Na ce, "In don yanka ne, ai Musulmi ke yankawa. Lawwali mahauci."

"Na sani. Ai shi ne maganar." Ya ajiye raken da yake ferewa. "A gidanmu mace ba ta kai dabbarta waje a yanka matuƙar tana da namiji a dangi. Babanmu ya yanka wa ƙannensa mata har ya tsufa, ko suna gidan aure sai sun aiko. Da ya rasu wuƙarsa ta dawo hannuna. Shekarar da ta bi hanyar mijinta, hanyar ba ta yi mini ba, har gobe ba ta yi mini ba. Amma na ce akuya ba ta da addini. Na wasa wuƙa na zauna ina jiran aike. Sai na ji wai an kira mahauci. Ina raye! Wadda ta kira mahauci ai ta gaya wa gari ba ta da kowa. Ta ce ba ta da kowa, ni in ci naman a matsayin wa?"

"To me ya hana ka faɗa, Malam?"

"Babba ne zai je roƙon a ba shi yanka?"

Na tarar da Maryama tana murza tunkuza. Da na gama ba ta labari, ta saki muciya ta dafa kai. "Wayyo ni! Don kada in jefa shi a kunya na ƙi aikawa. Na ce in ya zo yankan Nowel, me za a ce masa a masallaci?" Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Sai ta ce in koma in gaya masa. Na ce a'a, na gaji da ɗaukar langa, wannan aiken na ƙafarta ne.

Ta daɗe tana jan jiki. Tsoronta shi ne ya ce a'a a gaban idonta, don langa in ta dawo akwai baɗi, amma baki in ya faɗa ya faɗa. Ranar zumuntar mata a majami'a muka durƙusa tare, ta ce, "Ya Yesu, ka taɓa buɗe mini ƙofa ban roƙa ba. Ga wata." Muka tashi ta ɗauki sandarta, ina biye.

Ta durƙusa gaban tarin rake da gwiwoyin nan nata. "Yaya, akuyata ta isa yanka."

Bai ɗago ba. "Mahaucin naki mutuwa ya yi?"

"Yana nan. Ni ce na yi wauta."

"Wauta kam tun kina tatata." Ya ci gaba da firar rake. "Tashi, kada gwiwar ta ƙage a ce ni ne. Ki ba ta ruwa da safe, ba na yanka dabba da ƙishi."

Ranar jajibiri ya zo, ya tsaya a ƙofa yana ta sallama kamar baƙo. Wuƙar tana naɗe a tsumma, ƙotarta ta yi baƙi don daɗewa. Maryama ta gan ta ta kau da kai. Ya zagaya akuyar ya ce, "Wannan akuya ce ko kyanwa?" Ta ce, "Dusar da ka aiko ce ta ci, Yaya." Ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Ya ɗauki wuya, don a gidansu wuya na mai yanka ne. Ya sha ruwa a tsaye ya tafi.

Washegari bayan sujada na kai langa. Kaltuma ta shimfiɗa mini tabarma, ta daɗe a ciki. Da ta fito, kallona take tana murmushi. Langar ba nauyi, amma wani abu yana motsi a ciki. Ban buɗe ba sai a gaban mai ita. An wanke ta tas, an zuba rake ferarre, an yayyanka ƙanana irin na yara. Maryama ba ta fi ni haƙora ba. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki tana tsotsa. Da Iliya ya bugo waya, ta ce masa, "Kada ka wahalar da mota. Ka gaida Damagaram."

Har yau in za mu majami'a ran Lahadi ta tasha take bi da mu, ko da ba hanya ba ce. Malam Munkaila ya ce mata, "Allah ya shirye ki." Ta ce, "Amin Yaya, mu duka." Lawwali mahauci kuwa da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Kwanan baya na wuce ni kaɗai, Malam Munkaila ya kira ni. "Ke Bagobira, kina da namiji a garin nan?" Na ce babu. Ya ce, "To kazarki ma kada in ji an kai waje."