Gawar da ta fito daga ruwa a bushe

Shekarar da Yaya ya fara maganar a karɓe wa Baba filafilin da yake tuƙa kwale-kwale da shi ita ce shekarar da maƙwabcinmu ya sayo bidiyo. Malamin sakandare ne, mutumin Filato, mai son jama'a. Duk ranar Asabar da rana, in an kawo wuta, sai ya buɗe falo mu cika masa gida.

Baba masunci ne, a fadamar Haɗeja ya tsufa. Abin da ya jawo maganar shi ne wata rana ya dawo a makare, ya ce hanyar ruwan da ya saba bi ta canja, ciyawar kacalla ta toshe ta. Yaya ya ce ba hanya ce ta canja ba, Baba ne ya fara rikicewa, kuma ba za mu zuba ido kwale-kwale ya kife da shi ba. Ni ban san wa zan bi ba.

Ana cikin haka Malam ya samo wani kaset na Turawa, ya matsa wa Baba sai ya zo ya gani. Ni aka naɗa tafinta, tunda na gama kwalejin horon malamai, ina ta ɗaga kafaɗa. Wallahi har yau ban san kan fim ɗin ba. An ce na ban tsoro ne, amma duk lokacin da za a kashe mutum sai a ɗauko jita a kama waƙa, wanda za a kashe ɗin ma yana amshi. Maza da jan baki, gashi kamar an kunna musu wuta. Ana tambayata me suka ce, ina ƙirƙiro abin da ya zo bakina.

Can sai wani mawaƙi da aka jefa a tafki ya taso, ruwa na tsiyaya daga jikinsa. Mata suka yi salati. Da aka sake nuno shi a bakin gaɓa, rigarsa fes, gashi a taje.

Baba ya ce, "Wannan ba daga ruwa ya fito ba. Rigarsa a bushe take."

Wani ya ce, "Ai fatalwa ce, Baba." Haka muka ɗauka duka: duk abin da bai yi daidai ba a fim ɗin, aikin aljanun ciki ne.

Baba bai yarda ba. Wata yarinya ta faɗa jirgi za ta gudu, ta kwance igiya. Ya ce, "Ga igiyar can ɗaure a turke, ita kuma ta yi nisa." Filafilinta ya karye, ta jefar da guntun. Ya ce, "To, wa ya miƙo mata sabo?" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Yaya bai yi dariya ba, ya juyo ya dube ni.

"Kai da ka yi boko, ka ga abin da Baba ke faɗa?"

Na gani. Rigar, igiyar, filafilin, duk na gani. Amma a kaina mutanen da suka ƙera jirgin sama ba za su manta da igiya ba, don haka ko dai idona ne, ko akwai wata ma'ana da Turancina bai kai ba. Ga kuma falo cike ana kallona. Na ce, "Ban lura ba."

A makon nan Yaya ya jawo kwale-kwalen tudu ya kife shi, ya soke filafilin a rufin nasa ɗakin. Baba bai yi musu ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan sati biyu na koma wurin Malam ni kaɗai, na roƙe shi ya mayar da kaset ɗin baya. Ga riga a bushe, ga igiya a turke. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai fim guntu-guntu ake ɗaukarsa, yau a ɗauki ruwan, wani makon a ɗauki gaɓar, sai a manta a jiƙa rigar. Maimakon in gane sai na ƙara rikicewa. Duk taron da suka yi fim ɗin, da mu da muka cika falo, a ce tsohon da muke cewa ya rikice ne kaɗai ya faɗi abin da ke gabansa?

Na gaya wa Yaya. Ya ce fim daban, ruwa daban, ya wuce abinsa.

Na sami Baba a inuwar ɗaki yana gyaran komar da ya daina jefawa. Na durƙusa na ce, "Baba, gaskiyarka ce. Rigar a bushe take."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yau ka gani, ko tun ran nan?"

Na ce, "Tun ran nan."

Ya ja zaren ya ƙulle, ya ci gaba da aikinsa. Bai sake shiga ruwa ba, bai kuma sake tambayata ko na ga wani abu ba.