Ranar da Shanu Suka Lashe Mini Aiki

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan manta da ranar da shanu suka lashe mini aiki a Haɗejiya ba. Ku yaran yanzu da kuke ganin sufeton gini kamar mala'ikan mutuwa, ku gyara zama ku ji.

Abin ya faru ne saura 'yan shekaru Turawa su tattara komatsansu. Lokacin ni ne babba a cikin ma'aikatan wani ɗan kwangilar lantarki daga Kano, Alhaji Sani. An gina sabon ɗakin maganin dabbobi a bayan gari, bisa wani tudun yashi da ke kallon fadama, aka ba mu aikin sa waya da kafa ƙaramin inji, saboda firjin da za a riƙa ajiye allurar shanu. Alhaji ya damƙa mini aikin ya koma Kano. Shi ne aiki na farko da aka bar ni a kai ni kaɗai, don haka har tafiyata ta sake. In na shigo kasuwa sai ka rantse ni na ƙera lantarkin da hannuna.

A zamanin, ba a ta da inji sai sufeton gini na En'e ya duba ya sa hannu, sannan takardar ta tafi wurin Baturen injiniya a Kano. Doka kuwa ita ce, in aikin ɗan kwangila ya faɗi sau biyu a jere, sai a soke sunansa daga jerin waɗanda ake ba aiki. In an soke Alhaji, ni kuma ba sai na faɗa muku inda zan kwana ba.

Sufeton namu Malam Buba ne, Bafulatani dogo siriri, wanda in ya tsaya a gefe sai ka neme shi ka rasa. Ni kuwa Babarbare ne, ga zanen nan a fuskata, kun san kuma wasan da ke tsakaninmu da Fulani. A hanya muna zolayar juna son rai. Amma da ya ɗauko akwatin gwajinsa, mai hannu irin na garmaho, sai ya zama wani mutum daban, ko murmushi ba ya saya.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in yi bayani. Kowane gini akwai wata waya da muke binnewa a ƙasa, a ɗaure ta jikin farantin jan ƙarfe cikin rami. Amfaninta, in wuta ta ɓalle ta shiga jikin firji ko inji, sai ta bi wannan waya ta shige ƙasa, maimakon ta bi jikin wanda ya taɓa. Amma wuta ba ta shiga busasshiyar ƙasa, shi ya sa ake zuba gawayi da ɗan gishiri a ramin don ya riƙe laima.

Ranar Alhamis Malam Buba ya zo dubawar farko. Ya ƙwanƙwasa bango, ya latsa kowane makunni, ya leƙa rufi, duk lafiya. Da aka zo kan ramin ya murza akwatinsa, allurar da ke fuskar akwatin ta ƙi zuwa inda ake so. Bazara ce, yashin nan ya bushe har ƙadangare sai ya yi guzurin ruwa kafin ya ratsa shi.

Ya ce, “Bukar, wannan ya faɗi. Zan dawo ran Litinin.”

Na ce, “Haba ɗan Fillo, ba za ka yi wa ubangijinka alfarma ba?”

Ya ce, “Bawa ba ya neman alfarma sai ya gama aiki. Litinin.”

Sai na yi wani lissafi irin na masu kaifin ƙwaƙwalwa. Na ce in mudu ɗaya na gishiri yana gyara rami, to buhu fa? Na shiga kasuwa na kwaso mangul da kanwa, jaki uku, har mai sayarwa ya tambaye ni ko garke na saya. Da ina da hankali da na tsaya na ji wannan tambaya. Muka ɗura a ramin har ya yi tozo, muka yayyafa yashi a sama, 'yan garuwa suka wuni suna kwarara ruwa. Na kwanta ran Lahadi ina jin kaina injiniya.

Abin da ban sa a lissafi ba, an riga an yi shela cewa za a fara allura a makon, Fulanin da ke cin rani a fadama tun daga wajen Guri sun fara gangarowa da garkunansu.

Litinin da hantsi na doso wurin, sai na hangi ƙahoni. Jama'a, ban taɓa ganin shanu haka ba! In na ce dubu goma za ku ce na fara, to ku rage yadda kuka ga dama, amma wallahi ginin kansa ba a gani. Sun kewaye ramina suna tonawa da kofato, suna lasa, suna lumshe ido kamar masu shan fura a gidan biki. Wani bijimi ya zura kai har wuya. Na cire hula ina kora, ina ihu, wata saniya ta juyo ta lashi hannuna don ta ji ko ni ma da gishiri.

Da ƙyar makiyayan suka janye su gefe. Na duba ramin. Wayar ta tsinke. Guntun da ke manne da farantin ya nutse can cikin caɓi, wanda ya fito daga bango kuma yana reto, an lashe shi yana walƙiya kamar zoben amarya. Ga ƙararrawar keken Malam Buba ina ji daga gangare.

A nan Shaiɗan ya zo ya dafa kafaɗata. Na kama guntun wayar na soka a cikin caɓin, na tattake, na tura yashi da ƙafa, na tsaya a kai ina murmushi.

Malam Buba ya jingine keke. Ya gaisa da makiyayan da Fulatanci, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗaura wayoyin akwatinsa ya murza. Allurar nan ta tafi sumul ta zauna daidai inda ake so, har ta wuce. Dalili kuwa, ƙasar ta jiƙe sharkaf da ruwan gishiri da fitsarin shanu, ko ƙusa ka soka a ranar sai ta ci jarrabawa.

Ya ce, “Ikon Allah. Tudun yashi ya fi bakin kogi laima.”

Na ce, “Aikin Barebari ke nan, ranka ya daɗe.”

Ya ciro takarda, ya buɗe alƙalami, ya ɗora a sirdin keke. Bai sa hannu ba tukuna. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ka san Malam Isa, wanda zai riƙa buɗe firjin nan? Shi ke tafe can da tulu. Kullum da jiƙaƙƙen hannu yake aiki, ba ya kuma sa takalmi. In bazara ta busar da wurin nan, sunana ne a takarda, hannunsa ne a firji. To, in sa?”

Na waiga na ga Malam Isa, wani dattijo mai fara'a, yana ɗago mini hannu. Jiya-jiya ya ba ni goro.

Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na kama wayar na ja, ta fito salin-alin kamar an tuge albasa, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Na miƙa masa na ce, “Ranka ya daɗe, 'yan'uwanka sun riga ka dubawa.”

Malam Buba ya yi dariya har ya riƙe keke. Ya ce, “Kai Babarbare! Ka zuba mangul a hanyar shanu, sannan ka tsaya a kai kana yi wa Bafulatani murmushi? Tun daga gangare na ga yawu a bakinsu.”

Na ce, “To yanzu shi ke nan, mun faɗi sau biyu.”

Ya rufe alƙalaminsa. Ya ce, “Takarda ta ce in duba ran Litinin. Litinin kuwa ba ta ƙarewa sai rana ta faɗi. Ina da kwalbati da zan duba a hanyar Birniwa, zan dawo bayan la'asar. Abin da na tarar shi zan rubuta, ba ƙari ba ragi.” Sannan ya ja ni bayan ginin, ya gangara da ni taku arba'in wajen fadama, inda wata ciyawa ke kore shar a tsakiyar bazara. Ya buga ƙafa ya ce, “Nan za ka tona. Ƙasan nan laka ce, ruwan kogi ba ya barinta. Da ka tambaye ni tun farko da na nuna maka.”

Ai kuwa sai aiki ya tashi! Mu huɗu ne, ga rami sabo, ga dogon layin da za a binne waya, ga faranti a ƙarƙashin caɓi. Malam Buba kafin ya hau keke ya yi wa Arɗon makiyayan magana, ban san abin da ya faɗa masa ba, sai ga samari goma sha sun ajiye sanduna sun karɓi diga da shebur. Ina jin ce musu ya yi shanunsu sun ci gishirin bawansa, sai su biya da gumi. Muna haƙa ana waƙa, ana yi mini dariya, ni kuma ina cikin rami laka har gira. Malam Isa yana ta zirga-zirga da tulu. Da azahar muka yi salla a gurguje muka koma. Da ramin ya kai zurfin gaba ɗaya da rabi, sai ƙasa ta yi baƙi, ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafata. Na yi wata kururuwa da na tabbata an ji ta har garin Baturiya.

Muka sa faranti, muka ɗaure sabuwar waya ba gami, gawayi da gishiri mudu ɗaya tak, can ƙasa inda hancin saniya ba ya kaiwa. Muka rufe, muka daɓe, muka ɗora katangar ƙaya.

Rana ta yi ja sai ga ƙararrawa. Malam Buba ya murza akwati, allura ta zauna daram. Bai tsaya nan ba, ya naɗe hannun riga ya kama wayar da hannu biyu ya ja da iyakar ƙarfinsa, wanda dai ba shi da yawa. Ko motsi. Ya sa hannu, ya busa tawadar, ya ce, “Ta da injinka.” Da fitilar nan ta kama, makiyaya suka ja da baya suna salati, ni kuwa na taka rawa a gaban sufeton En'e, da laka da komai.

Da Alhaji ya zo na kwashe labarin duka na faɗa masa. Ya ce sunansa na nan a jeri? Na ce yana nan. Ya ce to in ƙara sayen mangul in gani.

Tun daga ranar na sake tsarin aikina, shi ne kuma abin da nake so ku ɗauka. Mu 'yan kwangila mun iya waya, amma yau muna nan gobe muna wani gari. Sufeto shi ke zama da ginin da mutanen da ke cikinsa, ya san ƙasar wurin da abin da ke yawo a kanta. Don haka ban ƙara jira sai na rufe rami sannan a kira shi ba. Duk garin da na sauka, kafin diga ta taɓa ƙasa, sai na nemi sufeto na gaishe shi na ce, “Ranka ya daɗe, ina zan tona?” Shekara ashirin ke nan, ba wanda ya taɓa ƙin nuna mini.