Lurwanu Kafinta da Algaitar Mahaifinsa

Sunansa Lurwanu ɗan Osman ɗan Khalilu. Kakansa Khalilu ya baro ƙasar Haɗejia da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare masa a Madani ta Sudan, ya zauna nan. A can aka haifi Osman, wanda ya yi aikin badujalar 'yan sanda yana busa kilarinet, wato baƙar algaitar nan ta Turawa mai maɓallan ƙarfe. Da Osman ya kwaso iyalinsa zuwa Madina, sai ya kulle ta a akwati, ya ce maƙwabcin Manzo ba ya busa.

Lurwanu ya tashi kafinta a unguwar Ƙurban, mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya barin katako ya fita shagonsa da kaushi. Abu guda ne ya riƙa jawo saɓani tsakaninsa da mahaifinsa. Tsohon yakan ce algaitar ƙirar wani shahararren gida ce a Faransa, kuma ba a ba da irinta sai ga gwani. Lurwanu kuwa yakan yi murmushi ya kau da kai, tsohon yana gani.

Bayan rasuwar Osman, ƙanwar Lurwanu, Hibatullah, ta dage sai an binciko maƙerinta. 'Ya'yanta, in ji ta, ba su san kakansu da komai ba sai sayar da dabino, tana so ta gaya musu abin da ya tabbata. Aka yi musu kwatancen wani Ustaz Saif a unguwar Al-Khalidiyya, Bamisre, tsohon mabushi da ke gyaran irin waɗannan kaya.

Da Lurwanu ya buɗe akwatin, ya tarar ƙura ta daskare a jikinta, maɓallan sun yi tsatsa. Kunya ta kama shi. Ya ɗauko samfefa mai laushi ya bi ta gaɓa-gaɓa, ya shafa mata mai, har ta yi sheƙi kamar sabuwar ƙofa.

Da suka kai masa ita, Ustaz Saif ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya leƙa cikinta a hasken taga. Ya ce icen na ƙwarai ne, ba roba ba, maɓallan kuma aikin hannu ne. Sannan ya ɗora yatsa a kan gaɓar sama. A nan, ya ce, maƙeri ke buga tambarinsa, lambarta kuma a baya, duka biyun ba su da zurfi.

"Wani ya goge su kwanan nan, ga ƙurar icen a ramukan. Ya ammi, wa ya yi mata wannan aika-aika?" in ji Ustaz, yana kiran Lurwanu "baffa" da Larabci.

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Hibatullah ta tambaya ko ta Faransa ce. Ustaz ya ce mai yiwuwa ne, amma ba zai shaida abin da bai gani ba.

Da suka shiga mota, Hibatullah ta juyo ta dube shi.

"Yaya, don me? Ai ba gyara aka ce ka yi ba."

Ya kama sitiyari ya amsa.

"Ban so baƙo ya gan ta a haka ya ce mun wulaƙanta kayan Baba ba. Alhali kuwa mun wulaƙanta, ni ne kan gaba."