Kaset ɗin da ke cikin akwatin Baba

Duk wanda ya san bakin tashar Buza ya san rumfar Hamza mai salula. Shekarunsa arba'in da uku, furfura ta fara leƙowa ta gefen hula, aikinsa gyaran waya da zuba wa mutane waƙoƙi cikin kati. Amma tsofaffin abokansa har yau Hamza Manyeto suke ce masa, kuma ba a banza ya samo sunan ba.

Tun yana yaro a Karofane hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Gwangwanin sardin in ya shiga hannunsa sai ya fito mota, da tayoyin da ya yanko daga tsohon takalmin soso. Sai da ya jera ashirin da ɗaya a kan katangar gidansu, kowace da sunanta, har da babbar mai ɗaukar albasa wadda ya fi ji da ita. In akuya ta ture guda, unguwa duk sai ta ji. Rannan kuma ya kwashe su kaf ya kai wa wani maƙwabcinsu, Maiguwa, wanda ya dawo daga Abijan da matacciyar manyeto, wato rakoda mai cin kaset, ga ƴaƴansa sun dame shi da kukan mota. Aka yi musaya. Cikin kwana uku Hamza ya tayar da manyeton, daga nan ya zama sarkin fadarsu ta shan shayi. Sai ya kara ta a bakin rediyo, ya ɗauki waƙar Indiya, ya bi ta da ta gita, ya cika kaset da zaɓin ransa. Wanda ya kuskura ya yi tari lokacin ɗauka, ranar ba shi da kofin farko.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an yi arba'in ɗin mahaifinsu, sai ga yayarsa Zulaiha daga Allakaye. Mace ce mai kaifin ido, ita ta goye shi, kuma har yau in ta kira sunansa cikakke sai ya gyara zama. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye wani kaset a kan teburinsa.

"Cikin akwatin Baba nis same shi," in ji ta. "Saƙon da Inna tay yi mishi sadda shina Abijan. Hamza, ba mu da hotonta ko guda. Ɗiyata Sa'ida kullum tambayata take ƙaƙa muryar kakarta take, ni ko na hwara mancewa. Sa muna shi."

Hamza ya dube shi. Ya san kaset ɗin, ya fi kowa saninsa.

A wancan zamani, in miji yana wajen bida, wato neman kuɗi a ƙasar waje, ba wasiƙa mata ke aikawa ba. Manyeto ake arowa, matar ta shiga ɗaki ta faɗi abin da ke ranta, sannan a ɓalle ƴan kunnuwa biyu na saman kaset ɗin don kada wani ya ɗauki abu a kai, a damƙa wa matafiyi. Haka Inna Dela ta yi, Baba kuma ya dawo da kaset ɗin ya adana a akwatinsa na ƙarfe. A ranin 1998 Hamza yana da shekara goma sha shida, fada na jiran sabon kaset, shi kuwa bai da fanko. Ya buɗe akwatin a ɓoye, ya yago takardar littafinsa na lakwal, wato makarantar boko, ya dunƙule ta ya toshe ramukan kunnuwan, ya danna ɗauka gaba da baya. Muryar Inna ai tana tsakar gida kullum tana yi masa faɗa, me zai yi da wadda ke cikin roba? Da aka gama yayinsa ya mayar da shi wurinsa. Da daminar shekarar Inna ta rasu. Baba bai ƙara iya sa kaset ɗin ba har ya koma ga Allah, Hamza kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ga ƴan dunƙulen takardar nan har yanzu cikin ramukan, sun yi ja.

"Yaya, manyeton ta daɗe da mutuwa," ya ce, idonsa a kan wata waya.

"Waccan da ac cikin kwali bayanka? Kai da ka tada ta kana yaro, yau ta hi ƙarhinka?"

Ya sauko da ita. Ya sa pil, wato batir, ya goge kan karatun da auduga da ɗan turare, yana jan aikin kamar mai jiran wani ya zo ya cece shi. Ba wanda ya zo. Ya lura ƙaramar tayar da ke jan zaren ta yi santsi, kuma ya san in ya bar ta haka, minti ɗaya ya isa ta tauna zaren ta tsinka shi. Sai a ce tsufa ne, sai a ce ƙaddara. Zulaiha za ta yi kuka ta koma Allakaye tana ganinsa da mutunci. Ya daɗe yana kallon tayar nan. Sannan ya ja tsaki, ya goge ta sosai, ya naɗe zaren da biro har ya ɗaure, ya danna.

Sarewa da ganguna suka fashe cikin rumfar, wata mace ta ɗauki waƙar Indiya da siririyar murya.

Zulaiha ta haɗe gira. "A'a. Ko ba shi ba ne? Ko an musanya ma Baba?"

Ga wata ƙofar ta sake buɗe masa, kuma wannan ta fi ta farko sauƙi. Kai kawai zai gyaɗa.

"Shi ne, Yaya," ya ce. "Ni nis shahe shi. Ina da shekara sha shida. Na sato shi, na ɗauki waƙoƙi bisa, na maida."

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu zai kashe.

"Hamza. Bar shi shi tahi har ƙarshe."

Haka suka zauna. Kaset na awa guda ne, rabin awa kowane gefe, kuma Hamza bai taɓa sanin rabin awa na da tsawo haka ba. Wani ya zo karɓar wayarsa daga sharji, ya ga fuskokinsu, ya juya ba sallama. Masu wucewa na murmushi suna cewa yau Manyeto ya tuna da ƙuruciya. Kowace waƙa ya san ta, ya san wadda ke bin ta, ya tuna yadda ya yi alfahari da jerin nan, yanzu kuwa kunya ce kawai ke cinsa. Gefen farko ya ƙare da kiɗa har bakin zare. Ya juya kaset ɗin. Zulaiha ba ta motsa ba, hannuwanta na kan gwiwa.

Waƙa ta biyar, ta shida. Yana kallon zaren ta ƴar tagar roba yana raguwa, saura kamar kaurin farce. Ta bakwai ta gita ce, ta zo ƙarshe, aka ji ƙarar dannawar da shi kansa ya yi shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Sai shuuu. Sai kukan zakara can nesa. Sai wata mace ta gyara murya.

"...ka gaida mutanen gidanku duka. To, shi ke nan. Ya ɗauka? Kashe, ɗiyata, kar pil shi ƙare."

Zaren ya kai ƙarshe, manyeton ta tsaya da kanta.

Hamza ya kasa ɗaga ido. Awa guda Inna ta yi tana magana, abin da ya bar musu ke nan, bai kai numfashi uku ba. 

Zulaiha ta sa bakin mayafi ta share fuska. Ba shi take kallo ba, manyeton take kallo.

"Da ni take," ta ce a hankali. "Ni ar riƙe mata manyeto rannan."

Ta matso da kujerarta kusa da teburin.

"Maida baya."